Kilo bakwai cikin sati uku: abin da rejim ɗin salula ya yi wa wata Hajiya a Madarunfa

Abin da ya sa na zauna yin wannan rubutu shi ne wata Hajiya da aka kawo mana asibiti ranga-ranga a bazarar bara. Na nemi izininta kafin in ba da labarin, ta ce in faɗa, muddin ba zan ambaci sunanta ko unguwarsu ba.

Shekarunta 38, tana sayar da atamfa da leshi a cikin gida. Tsawonta mita 1.62, nauyinta kilo 94, IMC ɗinta, wato ma'aunin ƙiba, ya kusa 36. Tana da ciwon suga, tana kan maganin glibenclamide. Saura wata biyu bikin ɗiyarta ta fari, an riga an fitar da anko, sai wata ƙawarta ta saka ta a wani guruf na salula inda wata mata ke sayar da "kayan rage tumbi". Hajiya ta tura jika goma sha biyar, aka aiko mata da ƙunshi a motar tasha.

Na ga ƙunshin da idona, don ɗiyar ta zo da shi cikin baƙar leda. Garin shayi ne a farar leda da aka liƙe bakinta da wutar kyandir, ba suna, ba ranar lalacewa. Ina buɗewa na ga filasko ne aka daka, aka zuba citta da kanumfari don ƙamshi. Sai wasu ƙananan fararen ƙwayoyi da aka ɓare daga katinsu aka ƙulle, wai su ne ke narkar da kitse ya fita ta fitsari. An manta guntun kati ɗaya a ciki, muka karanta: furosemide. Sai takarda rubutun hannu. Safe, ruwan zafi da lemun tsami. Rana, dafaffen ƙwai ɗaya da kokwamba. Dare, shayin. A ƙasa an ja layi biyu ƙarƙashin waɗannan kalmomi: kalori 500 a rana, kilo 15 a wata.

Ba wanda ya tambaye ta ko tana shan wani magani. Ita ma ba ta faɗa ba. Ta ci gaba da haɗiyar glibenclamide ɗinta kowace safiya a kan ciki wayam, ta bi shi da furosemide, da dare filasko ya wanke abin da ya rage. Duk wannan a watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, mutum na zaune ma gumi na tsiyaya.

Cikin sati uku ta sauka zuwa kilo 87. Aka ɗora hotonta a guruf ɗin, aka yi ta barka. Jirin da take ji, da ƙafafu da ke ɗaurewa cikin dare, da zuciya da ke bugawa fat-fat, ta kai ƙorafi, mai kayan ta ce mata alamar kitse na narkewa ne, ta daure.

Ranar da abin ya faru, ta tashi alwalar asuba ta faɗi a bakin makewayi. Gumi sharkaf, tana sambatu, ba ta gane kowa. Mutanen gida suka ce iska ce. Aka kunna hayaƙi, aka kira mai tofi, aka yi ta fama har hantsi. Sai da ta daina motsi gaba ɗaya aka nemo mota. Da ta iso, glisemi (sugan jini) 0.38 g/l, tansiyo 8/5, harshe ya bushe ƙamas. Aka ɗura mata glukoz ta jijiya, Allah cikin ikonsa ta buɗe ido, abin da ta fara cewa shi ne, "Mi ya kawo ni nan?" Aka tura ta Maraɗi, can aka ga potasiyom ya faɗi ƙasa sosai, kreyatinin ya hau. An yi bikin tana kwance. Har yau ƙodarta ba ta koma yadda take ba.

Mai kayan kuwa, da ɗiyar ta kira ta, cewa ta yi ai Hajiya ce ba ta bi ƙa'ida ba. Daga nan ta toshe lambar. Ina da labarin har yanzu tana sayarwa, kuma har yanzu ana saye. Wannan ne ke ƙona mini rai.

Wata huɗu bayan sallamarta Hajiya ta hau ma'auni a gabana: kilo 97. Ta zarce inda ta faro. Ta dube ni, hawaye na zuba, ta ce, "Malama, wallahi ba da gangan nake ci ba, cikin ne ba ya ƙoshi." Gaskiya ta faɗa. Ba kwaɗayi ba ne, ba rashin haƙuri ba ne.

Mu a Madarunfa bai kamata wani ya zo ya koya mana abin da yunwa ke yi wa jiki ba. Tun matsalar abinci ta 2005 duniya ta san jihar Maraɗi da tamowar yara, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana wannan aiki a nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a CRENI, inda ake jinyar yara masu tamowa, ya san me ya sa ake fara yaro da madarar F-75 kafin F-100, ya san yadda tsoka ke zagwanyewa, yadda potasiyom ke guduwa, yadda zuciya ke yin rauni. To jikin babba ba daban yake ba. Abin da muke kwana muna ceto yara daga gare shi, shi ne iyayensu mata ke biyan jika goma sha biyar a saka su ciki.

An gwada wannan tun tuni. Tsakanin 1944 da 1945, a Jami'ar Minnesota da ke Amurka, Ancel Keys ya sa maza 36 masu ƙoshin lafiya a kan kalori kusan 1,570 a rana na tsawon wata shida, suna aiki suna doguwar tafiya. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, amma sanyi ya addabe su, ransu ya ɓaci, ba su da zance sai na abinci. Da aka sakar musu mara suka yi ta ci ba ƙaƙƙautawa, har kitsen jikinsu ya wuce na da. Kalori 1,570 ke nan, ninki uku na abin da aka rubuta wa Hajiya. Jiki idan ya ji yunwa yana yin abin da maigida ke yi in rumbu ya yi ƙasa ana tsakiyar damina: sai ya rage awo, ya ƙanƙame abin da ya saura. Ƙona kalori ya ragu, yunwa ta ƙaru, ranar da abinci ya dawo kuma sai ajiya.

Kilo bakwai ɗin ma da aka yi wa guɗa, a lissafa. Kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne. Ko da a ce duk giɓin da ta yi cikin sati ukun nan daga kitse ya fito, ba zai kai kilo biyar ba, kuma ba duka daga kitse yake fitowa ba. Sauran ruwa ne da tsoka. Furosemide ruwa yake fitarwa. Filasko zawo yake sawa. Babu ɗayansu da ke taɓa kitse.

Da muka zauna da Hajiya, lissafin Mifflin na kalorin da jiki ke ƙonawa ya ba mu kusan kalori 1,600 tana kwance ba ta yin komai, kusan 2,200 da ɗan zirga-zirgarta ta cikin gida. Muka tsayar da 1,700. Ta ce, "To Malama, tuwon zan bari ko furar?" Na ce Hajiya, ba ko ɗaya. Na sa ta kawo mini ludayin da take zuba mai a shinkafa da wake, muka auna a gabanta: babban cokali huɗu cif. Kowane cokali kalori 120, wato 480 a kwano guda, kafin a ƙirga shinkafar. Lemun kwalba biyu a yini, kowace kusan 140, mai ciwon suga fa! Wai baƙi ne ke zuwa ganin kaya, ba ta iya barin su su sha su kaɗai. Ga sugan fura, ga na shayi, ga soyayyar gyaɗa da hannu ke kaiwa baki ana ciniki, cikin tafi ɗaya kusan 170. Mai ya koma cokali biyu, lemun kwalba ya fita. Kalori 500 ke nan sun tafi, tuwon geronta da miyar kuka na nan inda suke. Muka ƙara zogale, wanda Allah ya hore mana a fadamar Gulbi, da wake, da awara, da kifin tabki gasasshe maimakon soyayye. Tafiyar minti talatin bayan la'asar, kwana biyar a sati. Likita ya sake duba maganinta na suga. Wata takwas, ta sauko zuwa kilo 86, ba jiri, ba faɗuwa, glisemi ya fi na da kyau nesa ba kusa ba.

Ku riƙe wannan. A rage 500, ba a ci 500 ba. Rabin kilo a sati ya isa, kilo ɗaya shi ne iyaka. Mace kar ta sauka ƙasa da 1,200, namiji kar ya sauka ƙasa da 1,500, sai da likita a kansa. Ƙasa da 800 aikin asibiti ne. Abincin da ba za ki iya ci shekara biyu kina kai ba, kar ki fara shi.

Kuma lambar kalorin wata ba taki ba ce. Malamar makaranta mai kilo 70 da ke taka ƙafa zuwa aji, da mai daka da surfe da ɗebo ruwa, da mai zama kan tabarma tun safe har magariba, ba za su ci awo ɗaya ba. Amma kullum sai an zo mini da hoton takardar wata a salula, "Malama, wanga aka ba ƙawata, ya yi mata aiki." Ƙawarki tana da ciwon suga? Tana shayarwa? Shekarunku ɗaya? Ba a sani ba, an dai kwafa. Idan nauyi ya sauka ma sai an sake lissafi, don jikin kilo 86 ba ya ƙona abin da na kilo 97 ke ƙonawa.

Ba ina cewa a zauna da ƙiba ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ita, kuma mun fara ganin rabonmu: hawan jini, suga, gwiwoyin da ba sa bari a yi sujada. Zubar da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi kaɗai yana sauko da tansiyo da glisemi. Ga mai kilo 94, kilo biyar zuwa tara ke nan. Amma in na faɗi haka sai a taɓe baki, wai ya yi kaɗan. Ana son kilo ashirin kafin Sallah. Waɗansunsu su ne shekarun baya suka sha "sha-ka-fashe" don a ce sun murje, yanzu kuma sun juyo neman mai saukewa, duka daga hannun masu talla a tire da masu guruf.

Kar a sha furosemide don rage ƙiba. Na faɗa, ina sake faɗa. Kar a sha ƙwayar da aka ɓare daga katinta, ko wa ya ba ku. Kalmar "na gargajiya ne" ba ta wanke komai, an sha kama kayan rage ƙiba da aka cusa wa sibutramine, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ko wanda ya bi ta hannun likitoci a Faransa, Mediator, sai da aka janye shi a 2009 bayan ya lalata zukatan mutane, balle garin da aka ƙulla a leda. Masu allurar rage ƙiba da ake tallatawa a salula, ku ma ku yi hattara, akwai jabu. Saurin zubar da nauyi yana kawo tsakuwar matsarmama. Mai ciki ba ta rejim. Mai shayarwa ƙarin kusan kalori 500 take buƙata, ba ragi ba. Ƴan mata ƴan makaranta da ke wuni da ruwan lemun tsami, iyaye ku sa ido.

Maza ba ku tsira ba. Shayin fada zagaye uku da sugan da ake ɗurawa, burodi da mayonez da madarar gwangwani da dare, sannan a ce tumbin gado ne. Ku kuma masu gorin "kin cika gida", ku san cewa bakinku na cikin abin da ke tura mata hannun waɗannan mutane.

Mai ciwon suga in ya fara gumi da karkarwa da sambatu, a ba shi suga nan take in yana iya haɗiya. In ba ya cikin hayyacinsa kar a ɗura masa komai a baki, a ɗauko shi. Ba na hana addu'a, a yi ta a cikin mota ana tafe. Awannin nan da aka ɓata da hayaƙi sun isa su kashe ƙwaƙwalwa. Kuma kar a sha furosemide.

Duk mai ciwon suga ko hawan jini ko ciwon ƙoda da ke son rage nauyi, don Allah ya je cibiyar lafiya (CSI) mafi kusa da shi kafin ya rage ko loma ɗaya, ya riƙo duk magungunan da yake sha, har da wanda ya saya ta salula yake jin kunyar nunawa. A auna tsawo, a auna nauyi, a duba glisemi da tansiyo, a fitar masa da lambarsa. Wanda kuma ke da irin wannan ƙunshi a ɗaki yanzu haka, ya daina sha yau, ya kawo mana mu gani.