Allon hasken rana don buga rubutu a kan buhu

Ƴan uwa manoma, idan damina ta kusa, sau da yawa buhun iri da buhun cimaka suna kwana a ɗaki ɗaya. Irin gero ko na wake da aka gauraya da maganin ƙwari guba ne ga mutum da dabba. Buhun da ba rubutu ba ya faɗin abin da ke cikinsa. Shi ya sa ƙungiyar manoma ko bankin cimaka ke bukatar hanyar buga rubutu mai girma a kan buhu ɗari ba tare da gajiya ba: IRI MAI MAGANI, BA NA CI BA.

Hanyar ita ce ɗab'i da rariya. Ana ɗaure kyalle mai ƙananan idanu a kan katako mai kusurwa huɗu, a ja shi ya yi tauri kamar fatar ganga. Sai a shafa masa wani ruwan magani mai kauri, wanda masu sana'a ke kira emalshin. Ana neman sa a shagunan kayan ɗab'i, kuma mutumin Ɗan Barto yana kan hanyar Damagaram da Kano. Halin maganin shi ne: inda haske ya taɓa, ya daskare, inda haske bai taɓa ba, ruwa ya wanke shi. Nan fenti zai bi ya fito.

A birni ana haska rariya da akwati mai fitilu na musamman. Ƙwan lantarki na ɗaki ba ya yin aikin da kyau. Mu kuwa muna da rana, kuma ba ta ɗaukewa kamar wuta.

Ga kayan allon. Faffaɗan katako wanda ya fi rariya girma. Soson katifa da aka yanka daidai cikin rariya, kaurinsa ya ɗan fi na katakon rariya. Baƙin ƙyalle na naɗe soson. Gilashi mai kauri kamar milimita 5, ba mai launi ba. A bi bakinsa da salatif don kada ya yanki hannu.

A shafa maganin cikin ɗaki mai duhu, siriri, ciki da baya. A bar shi ya bushe sarai a cikin duhun, nesa da ƙura da zafin murhu. Kafin nan a rubuta kalmomin da baƙin tawada a kan takarda mai nuna haske. Idan babu, farar takarda da aka shafa wa man gyaɗa kaɗan tana yi. Baƙin ya yi baƙi ƙirin: a ɗaga takardar sama, idan haske na ratsa harafi, a ƙara tawada. Haruffa su yi kauri, musamman lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ, don siririn layi yakan toshe.

Yanzu a ɗora soso a kan katako, a kifa rariya a kansa, bayanta yana kallon sama. Sai a kifa takardar, rubutun yana kallon ƙasa. A nan ne sabon hannu yakan yi ɓarna. Wanda ya ɗora takarda yadda yake karanta ta, rubutunsa zai fito a juye a kan buhu, b ta koma d, ba mai iya karantawa. Idan ka duba daga sama ka ga rubutu a juye, to daidai ne. A ɗora gilashi ya danne, a sa dutse a kusurwoyinsa, amma kada inuwar dutse ta hau rubutu. Dole takarda ta manne da rariya, domin idan akwai sarari haske zai shiga ta ƙarƙashi ya ci bakin haruffa.

A rufe da bargo, a fita da shi tsakar gida da rana tsaka, sannan a yaye. Lokacin gajere ne, daga rabin minti zuwa ƴan mintoci, gwargwadon irin magani. Ranar bazara ba ɗaya take da ranar hazo ba. Saboda haka a fara da gwaji: a rufe rariya da kwali, a riƙa janye shi kaɗan kaɗan kowace daƙiƙa 30. Bayan wanki za a ga wurin da ya fi kyau. A rubuta lokacin a littafi.

A mayar da bargo, a koma inuwa, a jiƙa rariya da ruwan sanyi ciki da baya. A dakata minti 1 ko 2, a watsa ruwa a hankali. Idan duk maganin ya zube, hasken ya yi kaɗan. Idan haruffa sun ƙi buɗewa, ya yi yawa.

Sai a yi hattara da wani gari mai launin lemo, sunansa bikiromat, wanda wasu ke gauraya wa gam don ya fi araha. Yana cin fata har ya zama gyambo, yana ɓata ƙoda, yana cikin abubuwan da ke kawo ciwon daji. A tambayi mai shago magani irin diyazo, ya fi sauƙin haɗari. Ko da shi, a sa safar hannu ta roba. Kada a wanke rariya a bakin rijiya, ko a kwamin shan dabbobi, ko a ƙwaryar abinci. A haƙa ɗan rami nesa da ruwa, a zuba ruwan wankin, a rufe da ƙasa.