Me Ya Sa Ake Rubuta Zazzaɓinka a Littafin Asibiti?



Duk ɗan kasuwar kirki yana da littafin ciniki, da shi yake gane watan da kaya ke tafiya da watan da kasuwa ke kwanciya. Haka mu ma ma'aikatan lafiya muke da namu littafin. Idan ka kawo yaro da zazzaɓi muka tambayi shekarunsa, da unguwarku, da ranar da jiki ya fara zafi, so muke mu san lokacin da cuta ke tasowa da inda take fitowa.

Ina ruwan yanayi da zazzaɓi?

Sauro a cikin ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, zafi kuma yana gaggauta girmansa. A Libreville ruwa kan sauka sosai daga Oktoba zuwa Disamba, ya sake ƙarfi daga Fabrairu zuwa Mayu. Sauyin yanayi yana iya gusar da lokacin ruwa, ya ƙara zafi da ambaliya. Sai an ajiye lissafin masu auna ruwan sama kusa da lissafin asibiti, shekara bayan shekara, sannan a gane watan da ya kamata a tanadi magani da gidan sauro. Don haka ne ministocin lafiya da na muhalli na ƙasashen Afirka suka taru a wannan birni a watan Agusta na 2008, suka amince su riƙa aiki tare.

Darasin shekarar 2007

A shekarar 2007 zazzaɓin cikungunya, mai sa ciwon gaɓoɓi, ya ɓarke a Libreville tare da zazzaɓin dengi. Mai yaɗa su wani sauro ne baƙi mai ɗigon fari, da rana yake cizo, a tsofaffin tayoyi da gwangwanaye yake haihuwa. An aika jinin marasa lafiya cibiyar binciken likitanci ta Franceville, aka adana shi da bayanansa. Da masana suka sake duba wannan jini, sai suka bayyana a 2014 cewa ƙwayar cutar Zika ma tana ciki tun wancan lokaci. Da an zubar da jinin, ko an rubuta bayanan yadda aka ga dama, da ba wanda ya sani.

Abin da muke roƙonka

1. Faɗi unguwar da kake kwana ta gaskiya. Idan ka faɗi wata, can za a kai maganin sauro, taka unguwar ta rasa.
2. Faɗi inda ka yi tafiya. Wanda ya sauko daga Kano ko Maraɗi da rani, ya biyo ta Kamaru da Bitam, ya fito ne daga yankin da sanƙarau ke tashi a lokacin. Likita yana bukatar sanin haka.
3. Adana katin asibiti da na rigakafin yara a leda, ka riƙa tafiya da su.

Haƙƙinka

Mun san wasu na ɓoye adireshi don tsoron maganar takardun zama. Abin da ka faɗa wa ma'aikacin lafiya amana ce, kuma Gabon tana da dokar kare bayanan mutum tun 2011. Kafin a saka ka cikin bincike, wajibi ne a yi maka bayani da harshen da kake ji, ka yarda da kanka. Idan ka ƙi, ba za a hana ka magani ba. Ka tambaya: wa zai ga sunana? Ina za a kai jinina? Yaushe za a dawo mana da sakamako? Ƙa'ida ita ce a cire suna da lambar waya kafin a raba bayanai da masana na wata ƙasa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka kife tayoyi da bokitan da ke bayan rumfarka, ka kawo mai zazzaɓi asibiti tun ranar farko, ka amsa tambayoyinmu da gaskiya. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.