Darasi Na Tara: Kwaɗon Fiya

Duk wanda ya shiga kasuwar Kafanchan a lokacin da fiya ta yawaita, zai tarar da ita tsibi-tsibi kusa da ayaba da lemo. Kudancin Kaduna ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, kuma akwai ni'ima a gindin duwatsun Kagoro. Saboda haka bishiyar fiya, wadda ba ta jure fari da zafin rana irin na Sakkwato ko Katsina, tana jin daɗin wannan yanki. Garin Kafanchan kuwa ya bunƙasa ne tun shekarun 1920, lokacin da ya zama mahaɗar layin dogo na Fatakwal da Kaduna da Jos. A kasuwarsa Fantswam da Bajju da Atyap da Ham suna ciniki da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarabawa, galibi da harshen Hausa. Kalmomin wannan darasi za su yi muku amfani a can.

Fiya tana da wata matsala guda. Idan ta tashi nuna, sai ta nuna gaba ɗaya, farashinta ya faɗi, mai yawa ta ruɓe a hannun masu sayarwa. A daidai wannan lokaci kuma iyalai suna kashe kuɗi wajen sayen man shafa wa burodi na gwangwani. Yawancinmu hanya ɗaya muka sani ta cin fiya: a raba ta biyu, a barbaɗa gishiri, a ci da cokali ko da burodi. Yau za ku koyi wata hanyar.

Asalin fiya daga ƙasar Meksiko ne da maƙwabtanta na tsakiyar nahiyar Amurka, kuma har yau babu ƙasar da ta kai Meksiko noma ta. Kafin Turawan Sifen su isa can a shekarar 1519, mutanen Aztek suna murƙushe fiya su yi wani abin haɗi da ita. Daga kalmomi biyu na harshensu, ɗaya mai nufin fiya, ɗaya mai nufin miya, aka samo sunan da duniya ta sani yanzu, wato gwakamoli. A cikin ɗan ƙaramin turmi na dutse suke haɗa shi. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Wanda ya san kwaɗon zogale ko na rama, inda ake haɗa ganye da albasa da tumatir da ƙuli-ƙuli, ya riga ya san rabin aikin. Shi ya sa a wannan darasi muka kira abincin kwaɗon fiya.

Aikin yana farawa ne tun daga kasuwa, domin ɗanyar fiya ba ta kwaɗuwa, ruɓaɓɓiya kuma ba ta ciwuwa. Ku ɗora fiyar a tafin hannu, ku ɗan matsa ta a hankali da hannun gaba ɗaya. Idan ta ɗan lotsa, ta nuna. Idan ta yi tauri kamar dutse, da saura. Idan kuwa kun ji ta yi luguf, ku bar ta. Kada ku danna ta da ɗan yatsa. Wurin zai yi baƙi, kuma kun cuci mai kaya. Launi ba ya nuna gaskiya kullum. Nau'in da ake kira Hass, wanda ya samo sunansa daga wani mutumin Kalifoniya da ya yi masa rajista a 1935, yakan yi duhu in ya nuna. Amma manyan fiya masu santsin ɓawo da aka fi samu a wurinmu, da yawa daga cikinsu kore suke zama har su nuna.

Ga wani abin mamaki: fiya ba ta nuna a kan bishiya, sai bayan an tsinke ta. Idan kun sayo ɗanya, ku sa ta cikin takarda ko kwando tare da nunanniyar ayaba, ku rufe. Ayaba tana fitar da wata iska mai suna etilin, wadda ke hanzarta nunar 'ya'yan itace. Cikin 'yan kwanaki za ta yi laushi. Kada ku jiƙa ta a ruwan ɗumi kamar yadda ake yi wa atili. Wannan dabarar ta atili ce kaɗai.

Domin mutum huɗu, ku tanadi nunanniyar fiya babba guda biyu, ƙaramar albasa ɗaya, tumatir ɗaya mai ƙwari, attaruhu ɗaya ko rabi, lemon tsami ɗaya, da ɗan gishiri. Kafin ku taɓa komai, ku wanke hannu da sabulu. Ku wanke wuƙa da faranti da kayan lambun duka da tsaftataccen ruwa, har da ita fiyar, ko da yake ba a cin ɓawonta, domin wuƙa tana iya kwasar datti daga waje ta shigar da shi ciki. Wannan gargaɗi ba na wasa ba ne. Kwaɗon fiya ba ya hawa wuta, don haka babu zafin da zai kashe ƙwayoyin cuta. Kuma lokacin fiya yakan haɗu da damina, sa'ad da cutar amai da gudawa ta fi yaɗuwa ta hanyar gurɓataccen ruwa. Rigakafi ya fi magani.

Ku fara yanka albasa da attaruhu ƙanana-ƙanana, ku zuba a kwano, ku matse rabin lemon tsami a kai, ku bar su kamar minti biyar. Tsamin zai rage kaifin albasar. Sai ku ɗora fiya a kan faranti, ku zagaye ta da wuƙa daga sama zuwa ƙasa, ku murɗa ɓangarorin biyu har su rabu. Ku cire ƙwallon da cokali. Kada ku riƙe fiyar a hannu kuna sarar ƙwallon da wuƙa, domin yana da santsi, kuma mutane da dama sun ji ciwo ta haka. Ku kwashe naman da cokali, ku zuba a kan albasar, ku murƙushe da cokali mai yatsu. A nan ne ake gane gwani. Ba a so ya zama kamar kunu. A bar 'yan gudaji, domin su ne ke sa a ji ana cin fiya. Tumatir shi ne na ƙarshe. Ku cire 'ya'yansa da ruwansa tukuna, musamman da yake fiyarmu tana da ruwa-ruwa, sannan ku yanka shi, ku juya a hankali. Ku sa gishiri kaɗan, ku ɗanɗana, ku ƙara lemon tsami idan da bukata.

Mutanen Meksiko sukan ƙara wani ganye mai ƙanshi wanda ba a cika samu a kasuwanninmu ba, su ci da soyayyen waina na masara mai ƙaras-ƙaras. Ba dole ba ne ku bi su sau da ƙafa. A ganina, ɗan goge ɗanyar citta a ciki ya fi dacewa da ɗan Kudancin Kaduna, yankin da ya yi fice a Nijeriya wajen noman citta, musamman Kachia da Kwoi. Kwaɗon yana tafiya da dafaffiyar doya, da dankali, da gasasshiyar masara, da acca, da gurasa ko burodi.

Za ku lura cewa idan kwaɗon ya ɗan jima a buɗe, samansa yakan koma ruwan ƙasa. Dalili shi ne, akwai wani sinadari a naman fiya da ke sauya launi da zarar ya haɗu da iska. Tsamin lemo yana jinkirta wannan sauyi. Wasu sukan ce a jefa ƙwallon a cikin kwanon, wai zai hana. Ba ya hanawa. Wurin da ya danne kawai yake karewa. Abin da ke aiki shi ne a shafe saman ya yi sumul, a manna leda mai tsafta a kansa yadda iska ba za ta shiga ba. Inda babu firji ko wutar lantarki, ku haɗa daidai abin da za a ci nan take.

To, me jiki ke samu? Fiya ta bambanta da yawancin 'ya'yan itace, domin mai ya yi yawa a cikinta, sukari kuwa kaɗan ne. A giram 100 na nau'in Hass akwai kimanin giram 15 na mai, kuma yawancinsa irin wanda ba ya cutar da zuciya ne. Tana da sinadarin fotasiyam fiye da ayaba, tana kuma sauƙaƙa bayan gida. Man nata yana taimaka wa jiki ya amfana da sinadaran da ke cikin tumatir da karas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a kullum, kuma doya da rogo da dankali ba sa cikin lissafin. Ta kuma ce gishirin da zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, domin yawan gishiri yana jawo hawan jini. Saboda haka kwaɗon fiya ba ya bukatar dunƙulen ɗanɗano, wanda shi ma gishiri ne ya yi yawa a cikinsa. Lemon tsami da attaruhu sun wadatar. Sai dai fiya abinci ce, ba magani ba. Mai hawan jini kada ya bar maganinsa, mai ciwon ƙoda kuma ya tambayi likita kafin ya yawaita cin ta.

Nahawu

Ku sake duba yadda aka ba da umarni a cikin darasin. Ga mutane da yawa ana cewa "ku yanka", ga namiji "ka yanka", ga mace "ki yanka". Idan ba a nufin kowa musamman, sai a ce "a yanka", kuma wannan sigar ce aka fi gani a rubutun girke-girke. Hani yana farawa da "kada": kada ku danna, kada a cika gishiri. Idan kuna magana da babba a kasuwa, ba a fara da umarni. Sai ku gaisa, sannan ku ce, "Mama, don Allah a zaɓar mini nunanniya."

Tambayoyi

1. Me ya sa fiya ta fi yi a Kudancin Kaduna fiye da Katsina?
2. Bayyana ma'anar waɗannan kalmomi, sannan ku sa kowace a jimla: tsibi-tsibi, lotsa, luguf, gudaji, sumul.
3. Me ya sa tsafta ta fi muhimmanci a kwaɗon fiya fiye da a dafaffiyar miya?
4. Ku sake rubuta sakin layin da ya fara da "Ku fara yanka albasa" da sigar "a".
5. Ku tambayi wata dattijuwa a gidanku yadda ake haɗa wani abincin ƙabilarku, ku rubuta shi da Hausa a littafinku, tare da adadin kowane kayan haɗi.