Rabon Hanya a Ɗakin Saba: Kaso Ake Bayarwa, Ba Ƙaidi Ba

Saba guda a yau takan ɗauki ƙananan sabobi na manhaja goma ko ashirin, waɗanda masu aikin ke kira VM, kuma dukkansu ta kebul ɗaya ko biyu suke fita. Daga ofisoshin birnin Kano har asibitoci da makarantun yankin Rano da Kibiya, duk inda aka kafa irin wannan tsari koke ɗaya ake ji: netwok ya yi nauyi. Maganin da ake rugawa gare shi ma ɗaya ne, a ɗora wa kamfanin intanet laifi, a ƙara kuɗin data. Sau da yawa wannan ɓarnar kuɗi ce kawai. Allon rajistar marasa lafiya da ke daskarewa, alhali sabarsa na ɗaki na gaba, bai bi ta intanet ba sam. Cunkoson yana cikin gida.

Ba kayan masu amfani kaɗai ke bin wannan kebul ba. Akwai karatu da rubutun ma'ajiya ta iSCSI ko NFS ko vSAN, akwai kwafin ajiya, akwai saƙonnin gudanarwa, sannan akwai ƙaurar VM daga saba zuwa saba, wadda VMware ke kira vMotion. Ita ƙaura ba ta da kunya, duk faɗin da ta tarar sai ta cinye. Ma'ajiya kuwa ba ta jure jinkiri ko kaɗan.

Jita-jita ta farko da ta kamata a binne ita ce wai VLAN na raba ƙarfin layi. Ba ya rabawa. Lamba kawai yake manna wa kowane kaya don kada su cakuɗe, amma faɗin hanyar yana nan yadda yake, kuma mai ƙarfi shi ke danne saura. Ana samun ɗan kwangila ya yanka VLAN biyar, ya rubuta a rahoto cewa an raba hanya, a biya shi ya kama gabansa.

Kayan rabon na gaskiya sun daɗe da samuwa. VMware ta fito da Network I/O Control a vSphere 4.1 cikin 2010, ta sabunta shi a vSphere 6.0 cikin 2015, kuma sai a kan suwic ɗinta na haɗaka yake aiki. Hyper-V na Microsoft ya samu nasa ma'aunin, daga 1 zuwa 100, tun Windows Server 2012. A vSphere dabarun uku ne: kaso, keɓewa, da ƙaidi.

Kaso ba ya motsi sai hanya ta cika. A kebul mai gigabit 10, idan aka ba VM kaso 100, ma'ajiya 100, ƙaura 50, ranar da duka ukun suka taso lokaci guda za su samu gigabit 4 da 4 da 2. Da ƙaura ta gama, sauran biyun su raba goman. Manomin rani da ke shan ruwan Tiga ya san wannan tsarin: lokacin ƙarancin ruwa ake bin layi, in magudana ta cika ba a hana mai buƙata.

Ƙaidi shi ne tarkon, kuma a nan mafi yawan masu kafa saba suke faɗawa. Shi ba ruwansa da ko hanya a cike take ko wayam. Wanda ya ƙayyade wa ƙaura gigabit 1 ya ɗaure ta ke nan ko da tsakar dare ne, babu kowa a kan layi. Lissafin a fili yake. Saba mai gigabait 256 na ƙwaƙwalwa a cike, kwashe ta a gigabit 1 zai ci fiye da minti 34, a gigabit 10 kuwa bai kai minti 4 ba. A garin da wuta ke ɗaukewa, janareta ya ƙi tashi, batirin inbata yana ƙara, wannan rabin sa'ar ita ce tsakanin kwashe kaya lafiya da lalacewar bayanai. Abin takaici, wanda ya saka ƙaidin yakan yi ne da sunan taka-tsantsan, bai rubuta a ko'ina ba, ya bar aiki, wanda ya gaje shi ya kwashe watanni yana canza kebul. Wurin da ƙaidi ya dace kaɗan ne, misali kwafin ajiya da ake turawa ta siririn layin waje daga Rano zuwa Kano ko Legas. A can dole a ɗaure shi, in ba haka ba ya shaƙe kowa.

Keɓewa kuma a yi ta da hankali. vSphere ba ya barin a keɓe wa ayyukan tsarin fiye da kashi 75 cikin ɗari na kebul, kuma ma'ajiya ce ta fi cancanta. Masu Proxmox, da suka ƙaru tun da Broadcom ta sayi VMware a Nuwamban 2023, su ware wa Corosync, wanda ta cikinsa sabobi ke jin juna, kebul nasa daban, domin jinkiri kaɗan kan sa sabobi su ɗauka 'yan uwansu sun mutu.

Duk wannan rabon yana aiki ne kan abin da ke fita daga saba. Da kaya ya shiga suwic na ƙarfe, sai an yi masa alamar fifiko ta 802.1p ko DSCP, suwic ɗin kuma an saita shi ya girmama alamar.

Kafin a taɓa komai, a auna zirga-zirgar mako guda, har da daren kwafin ajiya da safiyar Litinin. Hukumar da ke ware miliyoyi don sayen saba ta ware kaɗan don horar da ma'aikacin da zai kwana da ita, ta kuma ƙi karɓar aiki daga ɗan kwangila sai ya miƙa takardar da ta nuna kason kowane kaya da kowane ƙaidi da ya saka.