Na'ura da Malami a Ajin Koyon Harshe

Gombe gari ne mai harsuna da yawa. Wanda ya ratsa babbar kasuwa zai ji Hausa da Fulatanci da Teranci da Bolanci da Tangale da Waja, ga kuma Turanci a ofis da Larabci a Islamiyya. Tun da garin ya zama hedkwatar jiha ran 1 ga Oktoba, 1996, jama'a suka ƙara kwararowa, har malami a Pantami ko Bolari yakan tarar da yara masu harsunan gida dabam-dabam a aji guda. Saboda haka ya kamata malamai da iyaye su san inda na'ura take da amfani wajen koyar da harshe, da kuma inda amfaninta ya tsaya.

Ba Yau Aka Fara Ba

Tun zamanin Jihar Arewa ake watsa darussan makarantu ta rediyo daga Kaduna. A 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don horad da malamai daga nesa, a 1977 kuma aka buɗe makarantar da ta zama Kwalejin Ilmi ta Tarayya (Fasaha) a Gombe. Bayan rediyo sai kaset, sannan kwamfuta da wayar hannu. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, jihohi da dama suka koma koyarwa ta rediyo da talabijin. A 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, tare da UNICEF, ta ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, watau ma'ajiyar darussa ta intanet.

Abin da Na'ura Take Iyawa

Na'ura ba ta gajiya da maimaitawa. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya ake rubuta su. Yaron da Hausa ba harshen gidansu ba ne, sai ya ji da kunnensa sau da yawa kafin ya rarrabe. Haka nan Bahaushe mai koyon Turanci yakan gauraya p da f. In aka ɗauki muryarsa aka kunna masa, da kansa zai gane kuskurensa.

Abin da Ba Ta Iyawa

Rediyo ba ya jin amsar yaro, balle ya gyara masa. Waya tana iya cewa daidai ko kuskure, amma ba ta ganin fuskar yarinyar da kunya ta hana ta buɗe baki. Za ta koya wa yaro kalmomin gaisuwa, amma ba za ta nuna masa wa ake durƙusa wa ba, ko wa ba a kiran sunansa. Waɗannan a wurin mutane ake ɗaukarsu. Yaron da aka bari shi kaɗai da waya zai tara kalmomi, alhali kuwa in baƙo ya yi masa magana sai ya daburce.

Yadda Za a Haɗa Su

1. Malami ya fara sauraren darasin shi kaɗai, ya fitad da sababbin kalmomi ya rubuta a allo.
2. A kunna na ɗan lokaci kaɗan, a tsayar, a yi tambaya, sannan a ci gaba.
3. A kashe na'urar, a raba yara biyu-biyu, a haɗa masu harsuna dabam, su yi ciniki ko gaisuwa da abin da suka ji. Wannan mataki ne ya kamata ya fi cin lokaci.
4. A ba su aikin gida da zai kai su gaban manya, kamar ɗauko tatsuniya daga bakin kaka, da izininta, a kawo aji a saurara tare.

Inda babu lantarki, rediyo mai batir ko wayar malami guda ta isa.

Kira ga Iyaye

Sayen waya ba ya sauke nauyin da ke kanku. Ku tambayi yaro, "Me ka koya yau? Faɗa mini in ji." Ku riƙa yi masa magana da harshenku na gida, domin wanda ya ƙware a nasa ya fi saurin kama na wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba da sa'a.