Tanadin Murhun Ɗumama Ruwa Tun Ana Ginin Gida

A ƙasashe masu sanyi irin su Ingila, kuskuren da ake yawan yi shi ne jinkirta maganar murhun itace mai ɗumama ruwa har a gama shafe, alhali fasa bango daga baya yana da tsada. Ya kamata a gina mafitar hayaƙi da ƙofar shigar iska tun ana ɗora bulo. A ajiye tankin ruwa sama da inda murhun zai zauna, domin ruwan zafi yana hawa da kansa ko wutar lantarki ta ɗauke, kuma bututun da ke haɗa murhun da tankin ya kasance na jan ƙarfe, tun da zafi yana lalata na roba. Wajibi ne ƙwararre ya bar wa tururi hanyar fita, domin tukunyar ruwan murhun tana iya fashewa idan aka toshe ta.