Darasi: Mu Koya wa 'Ya'yanmu Zane

Darasinmu na wannan wata a kan zane ne. Wani zai ce, me ya haɗa manomi da zane? To, ku saurara.

A shekarar 2016 wata baƙuwar tsutsa ta shigo ƙasarmu tana cin masara. Manomi yakan zo wurina ya ce, "Malam, tsutsa ta gama da ni." In na tambaye shi wace iri, sai ya ce tsutsa dai. Alhali kuwa tana da alamarta. A goshinta akwai zane kamar harafin Y a kife, kusa da wutsiya kuma akwai baƙaƙen ɗigo huɗu kamar kusurwoyin akwati. Wanda ya taɓa zama ya zana ta ba zai mance ta ba, ba kuwa zai ɓad da kuɗinsa a kan maganin da ba nata ba. Waya tana ɗaukar hoto, gaskiya ne, amma zane shi ke koya wa ido lura.

Ana koya wa yaranmu na ƙaramar sakandare zane, mu kuwa mukan ce wasa ne. Mu tuna Allah ya umarci annabi Ezekiyel ya zana Urushalima a kan tubali domin jama'a su gani su gane (Ezekiyel 4).

Kayan aiki: gawayi, alli ko fensir, da kwali ko takardar buhun siminti. In babu, a share ƙasa a yi da tsinke.

1. Dubawa. Kafin yaro ya sa hannu, ya dubi abin sosai, ya ƙirga. Ƙwaro yana da ƙafa shida, jikinsa kashi uku ne: kai, ƙirji da ciki. Gizo-gizo kuwa ƙafarsa takwas. Ya zana abin da ya gani, kada ya zana abin da yake tsammani.

2. Siffa. Kowane abu yana da babbar siffarsa. Rumbu tulu ne da hula a kansa. Jikin akuya ƙwai ne a kwance. A fara da wannan, da hannu sakwa-sakwa, sa'an nan a ƙara ƙafafu da kunnuwa. Sai an gamsu a danna fensir.

3. Awo. Yaro ya miƙe hannunsa sarai da fensir a tsaye, ya rufe ido ɗaya, ya auna kan mutum da babban yatsa. Zai ga tsawon baligi ya kai kansa bakwai da ɗoriya. Wannan shi ne maganin zana ƙaton kai a kan ƙaramin jiki.

4. Nesa da kusa. Ku tsaya a bakin gona, za ku ga kunyoyi suna matsowa da juna can nesa. Abin da ke nesa a yi shi ƙarami, a ɗan ɗaga shi sama a takarda.

5. Taswirar gona. Wannan ya fi duka amfani. Arewa ta kasance a saman takarda. Uba ya taka iyaka, yaro ya ƙirga. Kowane taku 10 a ba shi santimita 1 a rula. Gona mai tsawon taku 120 da faɗin taku 80 za ta zama santimita 12 da 8. A sa alamar ɗorawa, rijiya, hanyar shanu da layin gamba. A rubuta abin da aka shuka a kowane sashe, domin baɗi a san inda za a sa wake ko gyaɗa bayan dawa. Ku kira maƙwabta da mai unguwa su gani. Rigimar iyaka ta raba 'yan'uwa da yawa, har a cikin ikilisiya, bayan dattawan da suka san iyakar sun rasu.

Kada ku yi wa yaro dariya in akuyarsa ta yi kama da jaki. Sannu ba ta hana zuwa.

Aiki: kowane gida ya kawo taswirar gonarsa taron ƙungiya mai zuwa, yaron da ya zana ya zo ya yi bayani da kansa.

Don tattaunawa: Wa ya san iyakar gonarka in ba ka nan?

Allah ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.